Kambun Ring of Honor: yadda bel ɗin ƙaramin kamfani ya yi daraja

Tambaya: Ina kallon kokawar WWE tun ina yaro, kuma na sha jin ana cewa wane tsohon zakaran Ring of Honor ne, kamar wani babban abu. Da na bincika sai na ga ashe ƙaramin kamfani ne. To, tunda kowa ya san kokawar nan tsara ta ake yi, ba kamar dambe ba da ƙarfi ke raba gardama, me ya ba kambun wannan kamfani daraja, kuma mene ne tarihinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiyarka, tsara ta ake yi. Kafin mutum biyu su hau dandamali an riga an yanke wanda zai ci. Amma daga nan wasu kan ce ashe kambun ba shi da wata ma'ana, kuma a nan ne na saɓa da su. Kambu a wannan sana'a alkawari ne da kamfani ke yi wa mai sayen tikiti: ga mutumin da muka ɗora wa dukiyarmu, duk ranar da ka ga sunansa a saman fasta, kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Babban kamfani yana iya saɓa wannan alkawari ya kwana lafiya, don kuɗin talabijin na shigo masa ko an ji daɗi ko ba a ji ba. Ƙaramin kamfani idan ya saɓa sau biyu sau uku, rufewa zai yi. Tarihin kambun Ring of Honor, wanda aka fi sani da ROH, tarihin kamfani ne da ba shi da halin saɓawa.

A farkon 2001 kasuwar kokawa a Amurka ta kife. A watan Maris kamfanin Vince McMahon, wato WWE ta yau, ya saye WCW, babban abokin hamayyarsa, sannan ECW na birnin Filadelfiya ya durƙushe saboda bashi. Ƙasar da ke da sanannun kamfanoni uku ta wayi gari da ɗaya. Akwai wani ɗan kasuwa, Rob Feinstein, mai kamfanin RF Video, wanda cinikinsa mafi tsoka shi ne sayar da kaset-kaset na wasannin ECW. Da ECW ya mutu, hajarsa ta yanke. Sai ya ga babu mafita illa ya shirya nasa wasannin, ya ɗauka a bidiyo, ya sayar. Gabe Sapolsky, wanda ya koyi aiki a ƙarƙashin Paul Heyman, mai kamfanin ECW, shi aka damƙa wa tsarawa: wa zai kara da wa, wa zai ci, ina labarin ya dosa.

Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen komai. A lokacin ROH ba shi da talabijin. Kuɗin ƙofa na ɗaruruwan mutane ba zai riƙe kamfani ba. Abincinsa yana cikin kaset, daga baya faifan DVD, da ake aika wa masu saye ta gidan waya. To mutumin da zai cire kuɗinsa ya sayi faifan wasan da aka riga aka yi makonni da suka wuce, wanda ya ma karanta sakamakonsa a intanet, ba sanin wanda ya ci ne ya dame shi ba. Yana saye ne don an ce masa karawar ta yi kyau. Saboda haka zakaran ROH dole ya zama wanda zai hau dandamali da kowane irin mutum, dogo ko gajere, mai tsalle ko mai murɗa, ya fitar da karawar da za a saya. Suna kaɗai ba zai wadatar ba, haka ma faɗin ƙirji.

An yi wasan farko ranar 23 ga Fabrairu, 2002, a wani ɗakin wasannin unguwa mai suna Murphy Recreation Center a kudancin Filadelfiya. Sun shigo da wasu ƙa'idoji na mutunci: a gaisa hannu da hannu kafin karawa da bayanta, kada wani na waje ya sa baki, kada a kai wa mutum farmaki ta baya, kada a taɓa alƙalin wasa. Wannan ma dabara ce ta labari. Idan kowa yana gaisawa, wanda ya ƙi miƙa hannu ya zama bos ba tare da ya ce uffan ba. Christopher Daniels ne ya ɗauki wannan matsayi tun daren farko.

Ba su yi gaggawar fito da kambu ba. Sai ranar 27 ga Yuli, 2002, bayan wasannin share fage, aka haɗa mutum huɗu a karawa ta awa ɗaya cur da ake tara maki: Low Ki, Daniels, Spanky da Doug Williams na Ingila. Low Ki ya yi nasara, ya zama zakara na farko. Bai kai wata biyu ba Xavier ya ƙwace da taimakon mutanen Daniels, ta hanyar taka ƙa'idojin nan. 'Yan kallo da yawa sun ji haushi, suna ganin Xavier bai cancanta ba, kuma haushin ne ake so su ji. Ya riƙe wajen wata shida, mutane na jiran wanda zai zo ya raba su da shi.

Wanda ya zo shi ne Samoa Joe, kuma a ganina shi ne ya gina kambun nan da hannunsa. An fara kawo shi ne a watan Oktoba na 2002 don karawa da Low Ki, suka yi wa juna dukan da ya sa ba a bar shi ya tafi ba. Mutum ne kakkaura mai tumbi, irin jikin da WWE ta wancan zamani ba ta ko kallo, amma yana da sauri, yana mari da ƙafa da tafi irin salon da ya gogu da shi a Japan, kuma in ya shaƙe wuya ta baya sai ka ga kamar da gaske ran mutum zai fita. Yana da wata al'ada: ya fitar da abokin karawa waje, ya zaunar da shi a kujera a jikin shingen ƙarfen da ya raba 'yan kallo da fili, ya ja da baya, jama'a su ɗauki waƙar nan ta filin ƙwallo suna tafi, shi kuma ya sheƙo a guje ya tokare fuskar mutumin da ƙafa a jikin shingen. Ƙarar ƙarfen kaɗai ta isa ta sa na layin gaba su dafe kai.

Joe ya karɓi kambun daga Xavier ranar 22 ga Maris, 2003. Ranar 17 ga Mayu ya kare shi a Landan a hannun wani Bature ɗan Ingila da ake kira Zebra Kid, daga nan kamfanin ya fara kiransa kambun duniya. Wannan suna ba shi ya ɗaga shi ba. Ƙananan kamfanoni da yawa suna kiran bel ɗinsu na duniya alhali bai taɓa fita daga jiha ɗaya ba. Abin da ya ɗaga shi kwana 645 ne da Joe ya yi yana riƙe da shi, ya kare shi sau 29. Har yau babu wanda ya yi zango ɗaya da ya kai wannan tsawo. Kuma a lokacin ne WWE kan iya sauya wani kambun nata sau da yawa a shekara guda. Sapolsky ya gane cewa abin da ba ya sauya hannu da sauƙi shi ake ɗokin ganin ranar da zai sauya.

A tsakiyar zangon nan kamfanin ya kusa mutuwa. A watan Maris na 2004 wata badaƙala ta taso a kan Feinstein, ya bar kamfanin, daga baya mallakar ta koma hannun Cary Silkin. Kamfanin TNA ya janye 'yan wasansa da ke zuwa ROH, cikinsu har da AJ Styles da Daniels, wato manyan sunayen da ake sayen faifai dominsu. Abin da ya rage shi ne Joe da bel ɗinsa, da wasu matasa. A cikin watan nan ne Joe ya kare kambun a kejin ƙarfe da wani yaro ɗan shekara ashirin mai suna Jay Briscoe, wanda ya zubar da jini har ya rufe masa fuska. Ka riƙe sunan yaron.

Sai kuma CM Punk, wanda ya zaɓi zama a ROH. Ya kara da Joe ranar 12 ga Yuni, 2004, a garin Dayton na jihar Ohio, suka yi awa guda ba wanda ya kayar da wani, aka tashi canjaras. Karawa ta biyu ba a ma shirya ta ba: wanda aka sa zai yi wasan ranar, Steve Corino, kamfaninsa na Japan ya riƙe shi, sai aka cike gurbin da Joe da Punk saura 'yan kwanaki. Aka yi ta ranar 16 ga Oktoba a wajen birnin Chicago, mahaifar Punk. Abin da ya sa nake son wannan karawa shi ne hankali da ke cikinta. Punk ya san ba zai iya musayar duka da Joe ba, sai ya riƙa maƙale masa kai a ƙarƙashin hammata, yana kwantar da shi, yana gajiyar da shi, yana cin lokaci. Joe kuma ya koyi darasi daga karon farko, duk dabarar da Punk ya taɓa yi masa sai ya tare ta. Mai kallon da ya ga ta farko yana ganin ana ba shi ladan kulawarsa. Suka sake cinye awa guda, jama'a a tsaye suna roƙon a ƙara minti biyar. Dave Meltzer, marubucin da ya fi kowa tasiri a sharhin wannan sana'a, ya ba ta tauraro biyar, kuma rabon da ya ba wata karawa da aka yi a Arewacin Amurka wannan maki tun 1997. Faifan ya zama wanda ROH ya fi sayarwa a lokacin. Ka ga yadda abin yake aiki: karawar neman kambu a ɗakin da bai cika mutum dubu ba ita ta fitar da kamfanin daga rami. A karo na uku, ranar 4 ga Disamba, aka cire iyakar lokaci, Joe ya gama da shi cikin wajen rabin awa.

Bayan sati uku, ranar 26 ga Disamba, Austin Aries ya kayar da Joe a Filadelfiya. Ba a sa rai ba, kuma ba da zamba ba: ya danne shi a tsakiyar fili alƙali ya ƙirga uku. Wurin ya kaure. Duk darajar da Joe ya tara cikin wata 21 ta koma kan Aries a dare ɗaya, kuma amfanin doguwar riƙo ke nan.

Daga nan aka fara cin karo da matsalar da ba ta da magani a ƙaramin kamfani. Kamar mai kiwon ragon layya ne: ranar da ragon ya cika ido, ranar zai bar gidan. Duk wanda kambun ya ɗaukaka, manyan kamfanoni sun gan shi. A 2005 Punk ya amince da tayin WWE, kuma kowa ya sani. Aka sa masa karawa da Aries ranar 18 ga Yuni a garin Morristown na jihar New Jersey, jama'a suka zo da niyyar yi masa bankwana, don al'ada ita ce mai tafiya ya faɗi ya bar wa na gida. Sai Punk ya ci. Mutane na kuka, suna kiran sunansa. Ya karɓi makirufo, ya fara magana a hankali kamar mai godiya, ya ba su labarin tsohon da ya tsinci maciji ya yi jinyarsa har ya warke ya sare shi, sannan ya gaya musu cewa shi ne macijin, kuma da bel ɗinsu zai tafi WWE. Cikin minti biyar masu kuka suka koma zagi. A wasa na gaba ya shimfiɗa takardar kwantiraginsa na WWE a kan bel ɗin ya sa hannu a gaban idonsu.

Dalilin da wannan labari ya yi zafi shi ne rabinsa gaskiya ne. Da gaske zai tafi, kuma da gaske mutanen nan suna ganin bel ɗin nasu ne. Da a ce kambun banza ne, babu wanda zai damu don an tafi da shi. Wata biyu aka yi ana bin sa, har Mick Foley, tsohon zakaran WWE, ya riƙa zuwa yana roƙonsa ya yi abin da ya dace, kafin James Gibson ya karɓe ranar 12 ga Agusta a Dayton. Washegari Punk ya yi wasansa na bankwana a Chicago yana hawaye. Bayan shekara shida WWE ta maimaita kusan wannan labari da shi, a 2011, lokacin da ya ci kambunta a Chicago ya fice ta cikin jama'a. Miliyoyin da suka ga wancan ba su san an taɓa gwada shi a gaban ɗaruruwa ba.

Gibson ma WWE ta kira shi, don haka ranar 17 ga Satumba, 2005, kambun ya koma hannun Bryan Danielson, wanda ka sani da Daniel Bryan. Idan Joe ne ya gina, Danielson ne ya yi ado. Kwana 462, ya kare sau 38. Ɗan ƙaramin mutum ne, ba ado, ba hayaniya, sai gajeren wando ja, amma ya iya sa mutane su tsane shi da ƙananan abubuwa. Zai murɗe hannun mutum, mutumin ya kama igiya, wanda a ƙa'ida dole a sake shi kafin alƙali ya ƙirga biyar. Danielson ba zai saki ba sai an kai huɗu, sannan ya juyo ya daka wa alƙali tsawa cewa ai yana da har biyar. Tun jama'a na jin haushi har suka koma faɗa tare da shi. Kuma ba da dabara ɗaya yake gama wasa ba. Yau ya sa mutum ya miƙa wuya, gobe ya naɗe shi ba zato, jibi ya yi ta sara masa gwiwar hannu a ka har alƙali ya tsayar. Saboda haka ba ka iya sakin jiki ka ce ƙarshen bai zo ba tukuna.

Ranar 12 ga Agusta, 2006, a Liverpool, ya kara da Nigel McGuinness ɗan Ingila, wanda ke riƙe da ɗaya kambun kamfanin, da sharaɗin wanda ya ci ya haɗa biyun. A nan dole in faɗi abin da ke damuna game da wannan zamani da nake yabo. A cikin karawar Danielson ya kama hannayen McGuinness ta bayan turken ƙarfe na kusurwa, ya riƙa fizgo shi goshinsa na haɗuwa da ƙarfen, sau da yawa, har goshin ya fashe ya kumbura. Wannan babu dabara a ciki. Kai ne da ƙarfe. Bayan sati biyu Danielson ya goce kafaɗa a karawa da Colt Cabana, ya ci gaba da kare kambun da raunin har wata huɗu, ciki har da karawarsa da KENTA na Japan a New York, kafin ya miƙa wa Homicide ranar 23 ga Disamba. A 2007, yana neman kambun a hannun Takeshi Morishima, wani duka ya lalata masa ido har sai da aka yi masa aiki. Waɗannan mutane ba miliyoyi ake biyansu ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan wanda ya yi gudun da wanda ya ci naman ba koyaushe mutum ɗaya ba ne. Darajar bel ɗin nan da jikin mutane aka saye ta, kuma mai yabonta ya kamata ya san haka.

McGuinness ne ya fi kowa biya. Morishima, ƙaton ɗan kamfanin NOAH na Japan da ya ƙwace kambun daga Homicide a Fabrairun 2007, ya riƙe shi har 6 ga Oktoba, ranar da McGuinness ya kayar da shi. Bai daɗe da ci ba naman damtsensa ya yage, sannan ya bugu a ka a karawa da Aries har ya kasa fitowa wasan washegari. Maimakon tausayi, wasu 'yan kallo suka juya masa baya, suna ihun ya ajiye bel ɗin. Mutanen da aka saba wa da zakaran da ba ya fashi sun zama masu wuyar gamsarwa. Kamfanin ya juya abin ya zama labari, McGuinness ya koma bos, ya riƙe kwana 545, ya kare sau 38 kamar Danielson. Da ya sauka a 2009 WWE ta neme su shi da Danielson lokaci guda. Danielson ya wuce, har ya ci babbar karawar WrestleMania ta 2014. McGuinness gwajin likitocinsu ya tsayar da shi saboda tsohon raunin damtsen, kuma a 2011 ya ajiye kokawa, sai bayan shekara goma sha uku ya sake hawa dandamali.

Daga 2002 zuwa 2009, shekara bakwai, ba wanda ya taɓa cin kambun sau biyu. Aries ne ya fara, a watan Yuni na 2009, bayan Jerry Lynn mai shekara 45 ya ɗan riƙe. A lokacin an riga an sallami Sapolsky tun Oktoban 2008, kasuwar faifai kuma ta fara mutuwa. Tyler Black, wanda yau ake kira Seth Rollins, shi ne misalin yadda jinkiri ma kan ɓata abu: an ja masa rai har ɗokin jama'a ya huce, aka ba shi a Fabrairun 2010, bayan wata bakwai ya miƙa wa Roderick Strong ya tafi WWE.

A watan Mayu na 2011 Silkin ya sayar da ROH ga Sinclair Broadcast Group, ƙaton kamfani mai gidajen talabijin da yawa a Amurka. Daga wannan rana kiran ROH mai zaman kansa ya zama abin gardama, kuma ni ina ganin zamanin farko a nan ya ƙare. An ci gaba da samun zakaru na ƙwarai. Kevin Steen, wato Kevin Owens, ya ci a Toronto a 2012. Adam Cole ya zama na farko da ya ci sau uku, na ukun a filin Tokyo Dome ranar 4 ga Janairu, 2017. Jay Lethal ya yi kwana 427 a zangonsa na farko. Daniels, wanda ke cikin karawar farko ta 2002, sai a Maris na 2017 ya samu, yana da shekara 46. Amma abin da ke cika ɗakin ya sauya. Ƙawance da kamfanin New Japan ya sa mutane na zuwa ne don baƙi daga Japan da ƙungiyar Bullet Club, su Young Bucks da Cody Rhodes, wanda shi ma ya riƙe kambun a 2017. Ranar 6 ga Afrilu, 2019, ROH da New Japan suka cika Madison Square Garden, katafaren zauren wasanni na New York, abin da a 2002 ko a mafarki ba a kawo ba. Amma an sayar da tikitin ne tun su Cody na nan, kuma kafin ranar sun tafi sun kafa sabon kamfani mai suna AEW. Karawar da ta rufe daren ta kambun New Japan ce, tsakanin Kazuchika Okada da Jay White. Ta ROH, wadda Matt Taven ya ci a kan tsani, kafin waccan aka sa ta. A daren da kamfanin ya fi kowane dare girma, bel ɗinsa ba shi ne dalilin taron ba.

Jama'a suka ragu, annobar korona ta zo ta ƙarasa. A Oktoban 2021 Sinclair ya sanar da dakatar da wasanni da sakin 'yan wasa daga kwantiraginsu. A wasan ƙarshe, ranar 11 ga Disamba, zakara Bandido ɗan Meziko ya kamu da cutar, sai Jonathan Gresham da Lethal suka kara a kan tsohon bel na asali, Gresham ya ci. Ranar 2 ga Maris, 2022, Tony Khan mai AEW ya sanar cewa ya sayi kamfanin, aka haɗa Gresham da Bandido aka mayar da kambun ɗaya. Tun daga nan su Claudio Castagnoli, Chris Jericho da Eddie Kingston sun riƙe shi, kuma Bandido ya sake ci a Afrilun 2025.

Na ce ka riƙe sunan Jay Briscoe. Shi da ƙaninsa Mark 'ya'yan masu gonar kaji ne daga jihar Delaware. Jay ya yi wasa a daren farko na ROH yana ɗan shekara 18. Mark ya tsaya a gefe don dokar jihar Pennsylvania ba ta yarda wanda bai kai 18 ya hau ba. Duk sauran da na lissafa sun wuce ta ROH ne zuwa wani wuri, su kuwa nan ne gidansu. Jay ya ci kambun daga Steen ranar 5 ga Afrilu, 2013, ya sake ci a 2014. Ranar 17 ga Janairu, 2023, ya rasu a haɗarin mota kusa da gida yana da shekara 38. Ranar 5 ga Afrilu, 2024, shekara goma sha ɗaya daidai da cin yayansa na farko, Mark ya kayar da Kingston a Filadelfiya ya ɗaga bel ɗin, iyalinsu suka cika dandamali. An tsara sakamakon, babu musu. Hawayen da aka zubar ba a tsara su ba.

A yau kambun ROH na biye ne a gidan da ke da nasa babban kambu, kuma ba a kansa abincin kowa ya dogara ba. Idan ka ji ana yi wa wani kirari da shi, yawanci ana nufin shekarun 2003 zuwa 2009 ne da waɗanda suka gaje su. In kana so ka gani da idonka, fara da karawar Joe da Punk ta Dayton kafin ta Chicago, kada ka tsallake ta farkon, don ba za ka gane abin da suke yi a ta biyun ba sai da ita. Hoton ba shi da kyau, fitilun ɗakin ba su da haske sosai, kuma minti ashirin na farko za ka ga kamar ba abin da ke faruwa. Ka daure har su shiga rabin awa na biyu.